Ku Tambayi Tanti: waƙa shiririta ce ko tana da amfani?

Assalamu alaikum masu karatu, ina gajiya, ina sanyi. Wannan karon saƙonni huɗu na ware don duk kan waƙa suka faɗo, kuma kamar kullum ba ma sa sunan kowa sai unguwa.

TAMBAYA: Tanti ina wuni. Ɗiyata shekararta 11 tana CM1, yarinyar ga bakinta bai hutawa, wanke-wanke waƙa, shara waƙa, duk wadda ta ji ga salular yayanta sau biyu ta kwashe ta, amma tabul na 7 da na 8 mun yi mun yi ya ƙi zama. Babanta ya ce in ya ƙara jin ta sai ya zane ta, wai waƙa ta cinye mata kai. Ni ko tausai take ba ni. Mi za ni yi? (Wata uwa, Bilbis, Tawa)

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya raya mana ita. Ki fara lallashin maigida ya aje bulalar nan tukuna, don yarinyar da ke kwashe waƙa daga ji biyu ba daƙiƙiya ba ce wallahi, kan na aiki sosai, abin da ake zuba masa ne ba a zaɓa ba. Waƙa na zama a kai saboda tana da kari da amsa-amo ga kuma maimaici, in kalma guda ta faɗi kunne da kansa zai ji giɓin ya nemo ta, shi ko tabul lambobi ne tsirara babu abin da ke riƙe wannan da wancan. Kuma ai mu ba baƙin wannan dabara ba ne. Shi babanta ki tambaye shi da yaya ya fara karatun allo, ba da "alu ambaki wau zal" ba ne ana rerawa ana rausaya gaban malam? Har yau in ki ka taɓo shi zai kawo miki ita tiryan-tiryan. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan karkara, ta rubuta da Hausa da Fulatanci, jajis ɗinta, wato matan da ta horar, su hardace su bi ƙauyuka suna koya ma mata alwala da salla da tarihin Annabi (SAW), matan da galibinsu ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

To ga abin da za ki yi. Ki ce da ita ta ɗauki muryar wata waƙar gaɗa da take so ta zuba tabul na 7 a ciki, ita da kanta za ta shirya ba ke ba, don wadda mutum ya sha wuyar haɗawa ita ta fi zama. Ta rera miki kina tuƙa tuwo. Sai dai in faɗa miki gaskiya, harda daban ganewa daban, akwai yaran da in mushen lakkol ya ce sat fuwa wit, wato bakwai sau takwas, sai sun koma tun daga farko suna ƙus-ƙus kafin su iso 56, saboda haka bayan waƙar ta zauna ki riƙa yi mata tambaya a tsallake, ki sa ta jera ƙwallayen dabino bakwai-bakwai har layi takwas ta ƙirga da hannunta ta ga inda 56 ɗin ta fito.

Inda maigida yake da gaskiya shi ne salular nan. Ba duk abin da ke ciki ya dace da bakin ƴar shekara 11 ba, wasu baitocin ko ni da furfurata kunya suke ba ni, ki zauna ki saurari abin da take rerawa ki tace. In kuma ta fuskar addini yake jin nauyi, maganar kayan kiɗa malamai sun saɓa a kai kuma ba ni ce zan yanke ba, ya tambayi malaminsa, amma ya tuna cikin Buhari da Muslim an ruwaito ƴan mata biyu na waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su, kuma sahabbai suna rera baitoci suna haƙar ramin Handaƙ.

TAMBAYA: Tanti barka da aiki. Tsohona ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyar ke nan, hannun dama da ƙafar dama, magana kuma ta ɗauke, ko ruwa yake so sai nuni. Ran Mauludi ana ƙasida a radiyo sai muka ji yana bi baiti bayan baiti, kalmomin na fita sarai, har mamanmu ta fashe da kuka. Da aka gama muka yi masa magana shiru. Gwaggona ta ce iska ne ke magana da bakinsa, wani kawuna kuma ya ce da gangan yake ƙin kula mu. (Wani matashi, Bukoki, Yamai)

AMSA: Ɗana Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya ba ku ladar jinya. Ba iska ba ne, kuma don Allah ka hana kawun nan faɗar wannan magana gaban mara lafiya, don mafi yawansu suna jin abin da ake cewa, fitar da amsa ce ta gagara, ka ga ko babu abin da ya kai wannan ciwo a rai. Abin da kuka gani lokotoro sun daɗe da saninsa. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, ɓarin hagu shi ke juya jikin dama kuma ga yawancin mutane nan ne ma'ajiyar magana take, shi ya sa wanda ya shanye ta dama sau da yawa har magana ke tafiya. Ita kuwa waƙa ba ɓari guda ke ɗauke da ita ba, na dama na da babban rabo a ciki, balle wadda mutum ya rera tun yana saurayi ta bi jiki. To hanyar magana ce ta toshe, ta waƙa na nan a buɗe. Dubi masu in'ina ma, mutum zai sha fama kafin ya ce ina kwana amma in ya kama waƙa sai ta tafi sumul. Haka tsofaffin da mantuwa ta kama, wata ba ta gane jikanta amma ta kawo maka waƙar da aka yi ran da aka kai ta ɗaki.

A 1973 wasu likitoci a Boston ta Amurka suka mai da wannan abu hanyar jinya, a ɗauki gajerar magana ta yau da kullum a rera ta a hankali da murya mai hawa da sauka, ana ɗan buga hannun hagun mara lafiya daidai da kowace gaɓa, yana bi har ya iya shi kaɗai, daga baya a riƙa rage rerawar tana komawa magana. Kuna iya gwada irinta a gida. Ku fara da ƙasidar da yake so ku rera tare, sannan ku kawo "ba ni ruwa", "na gode", sunan mamanku, kaɗan-kaɗan kullum lokacin da ya huta, in ya gaji ko ransa ya ɓaci a bari sai gobe. Mutum guda ya zauna da shi ba taron gida ana kallo ana tafi ba, dattijo ne ba ɗan wasa ba. Ban ce maka maganarsa za ta dawo kamar da ba, wani na samun da yawa wani kaɗan. Ranar randebu ka faɗa ma lokotoronsa abin da kuka gani ka roƙa ya haɗa ku da masu gyaran magana, otofonis ake ce musu, da masu gashin jiki. Maganin tansiyo kuma kar a kuskura a tsai da shi don an ga sauƙi, a nan ne ake komawa gidan jiya. Addu'a ku ci gaba da ita, ba ta hana ko ɗaya cikin waɗannan.

TAMBAYA: Tanti ni ke ja ma ƴan islamiyyarmu baiti in za a yi walima, amma duk lokacin sanyi sai muryata ta dushe. Ana ce mini in sha kanwa ko ɗanyen ƙwai. (Wata ɗaliba, Lazare, Yamai)

AMSA: Ɗiyata ƙwai da kanwa ciki suke wucewa, ba su bi ta inda murya ke fita. Ƙurar hunturu da busasshiyar iska ke busar da maƙoshi, ki yawaita shan ruwa, ki rufe hanci da baki in ƙura ta taso, ki nisanci hayaƙin icce, ki bar ƙure murya don ki rinjayi yara talatin, a nemo miki mikoro. In ta dushe ki huta da ita, raɗa ma wahalar da ita take. Ruwan ɗumi da zuma ba laifi. In dushewar ta wuce sati uku ki je a duba ki, in ko da tari ne da ya haura sati biyu kar ki jira, ki tafi likita a auna majina.

TAMBAYA: Tanti ni ina da baiwar waƙa, a fadarmu ni ke shirya baitoci in ana shayi kowa na yabawa. Da na ce ma tsohona ina son in shiga situdiyo sai ya ce mu ba maroƙa ba ne, kar in ja masa abin faɗa. (Wani saurayi, Sabon Gari, Tawa)

AMSA: Ɗana na san wannan magana, ta girme ka ta girme ni. A da sana'a gado ce, ɗan makaɗi shi ke ɗaukar kalangu, kuma mutanenmu na da wani hali mai ban haushi, a yi ma mawaƙi liƙi da rana a hana shi auren ɗiya da dare. Amma ka cire mawaƙa daga garin nan ka ga abin da zai saura. A nan Tawa aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, wa ya taɓa ganin ɗan kokowa ya shigo fili babu makaɗi babu kirari? Asalin sarakuna da tarihin yunwa da yaƙi da yawansu a bakin mawaƙa suka tsira. Ɗan Gurmu ɗan garin nan ne, yau gasar waƙa ta ƙasa sunansa take ɗauke da shi. Malam Maman Barka da ya rasu a 2018 mushen lakkol ne, ba gadon kiɗa ya yi ba, shi ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya, wajen tsohon da ya saura yana kaɗa ta cikin ƙabilar Buduma, ya kai ta har Turai. Yamai kuma akwai makarantar kiɗa sukutum, CFPM Taya.

Ni abin da ya fi damuna ma ba ƙarancin masu shiga situdiyo ba ne, su kam sun yi yawa. Waƙar da ba ta kuɗi ba ita ke ɓacewa. Injin niƙa ya zo ya hutar da mata, Allah ya saka, amma ya tafi da waƙar niƙa inda mace ke amayar da abin da ke cinta game da kishiya ko uwar miji ba tare da an yi faɗa ba. Ƴan mata sun bar gaɗa a dandali, gayya ta ja baya, uwa na goyo yaro na kuka sai ta miƙa masa salula maimakon ta yi masa ƴar waƙar reno, alhali muryarta yake nema, ita ya sani tun yana ciki. Kowa ya toshe kunne yana sauraren wani. Ku da ke rerawa tare a fada, ɗaya ya ja saura su amsa, kun riƙe abin da gidaje da yawa suka saki, ka lura ma ranar da kuka yi waƙa ba a cika tashi da gardama ba.

Saboda haka kar ka yi fito-na-fito da Baba, kuma kar ka bar karatu ko sana'ar hannunka, waƙa ba ta cika ciyar da mai ita da wuri ba. Ka guji zambo da habaici da yabon mai kuɗi don ya ba ka jikka biyar, wannan shi ne roƙon da Baba ke tsoro. Ka shirya guda mai kyau a kan abin da ya shafe shi, ko wahalar masu tafiya bida Abijan da Libiya da matan da ake bari gida, ka san babu gidan da wannan bai taɓa ba a Adar, ka ba wani kawunka ko aminin Baba da yake jin nauyi ya sa masa ya ji ba tare da an ce kai ne ba, sai ya gama saurare a faɗa masa. In ya ce a'a duk da haka ka yi haƙuri ka ci gaba da ta fada, ka sake aiko mini bayan salla mu ga inda aka kwana.

Mai tambaya kan rikicin adashi da wadda ta aiko maganar lefe, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.