Tambaya da Amsa: In ƙwace littafin Tarzan daga hannun ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 12 ya sayo tsofaffin littattafan Tarzan wajen masu baza littattafai a Yaba, ko abinci sai an yi da gaske yake ci. Na leƙa ciki na ga yadda ake siffanta baƙar fata, raina ya ɓaci. In ƙwace ko in ƙyale shi? Wata uwa daga Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ƙwace, domin yaron da karatu ya shiga ransa a wannan shekarun abin tattali ne. Amma kada ki bar shi da littafin shi kaɗai.

Irin waɗannan labarai 'ya'yan kasuwa ne. A 1896 Frank Munsey ya mayar da mujallarsa Argosy ta labarai zalla, a kan takarda mai arha, ana sayarwa santi goma a Amurka. Marubuci kuwa da ƙirgen kalma ake biyansa, shi ya sa ake rubutu da gudu, babi ya ƙare jarumi na bakin halaka. A irin wannan mujalla, All-Story, Tarzan ya fara fitowa a 1912. Marubucinsa, Edgar Rice Burroughs, bai taɓa taka Afirka ba, har damisa mai ratsi irin ta Asiya ya saka a dajinmu, sai daga baya aka mayar da ita zakanya.

Wannan kuskuren mai sauƙi ne. Babban aibin yana cikin ginin labarin. Sunan Tarzan kansa, a yaren birai na littafin, “farar fata” yake nufi. Ɗan wani basaraken Ingila ne da birai suka rena a dajin Afirka, kuma ana nuna jininsa ne ya fifita shi a kan kowa. Mutanen ƙauyen da ke kusa an mayar da su masu cin naman mutane, har Tarzan ya rubuta takarda yana alfaharin kashe baƙaƙe da yawa. Wasu bugu na baya sun goge munanan kalmomi, amma ginin yana nan daram. Chinua Achebe ya faɗa da bakinsa cewa yana yaro, in yana karanta irin waɗannan labarai, bayan Turawan yake goyo.

Ki bari ya gama babi, sannan ki tambaye shi: wa aka ba suna, su wa aka kira a dunƙule? Wa ke magana da hankali? In an yi kisa, mutuwar wa aka yi jimami? Ki bar shi ya nemo amsa a shafin da kansa. Inda iyaye ke kuskure shi ne fara wa'azi kafin yaro ya karanta, sai ya koma karatu a ɓoye.

Ki kuma haɗa masa da Ganɗoki na Bello Kagara, bugun 1934. Akwai yaƙi, akwai aljanu, jarumin namu ne, kuma Turawan yake gwabzawa da su. Salon saurin nan na labaran mujallu masu arha ba shi da laifi, daga gare shi fina-finan Indiana Jones suka ɗebo tun daga 1981.

Tambaya: Na gaji wasu tsofaffin mujallun labarai, sun yi ja suna marmashewa. Da magani? Wani malami daga Idi-Araba.

Amsa: Malam, da niƙaƙƙen itace aka yi takardar ba a tace ba, ita ke cin kanta, zafi da laimar Legas kuma suna ƙara mata gudu. Jan ba ya komawa fari. Kada ka liƙa salatif, gam ɗinsa na barin tabo. Kada a yi musu laminatin, kada ka ɗaure su a leda, fumfuna za su yi. Ka kwantar da su a kwali, guda goma ko ƙasa da haka, a kan kanta nesa da bango da ƙasa saboda gara. Kafin komai, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, a inuwa.