Kafin ka tafi Akra

Sanusi ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce za ka je Akra, babban birnin Gana, yawon buɗe ido na mako guda, ka riga ka kama ɗaki a otal a unguwar Osu, kana tambaya ko wajibi ne ka je zango gaida manya da tsaraba, ko kuwa wannan al'adar fatake ce da ta wuce.

To, ba wanda zai ci ka tara in ba ka je ba. Amma ka je.

Kakanka daga nan Jega yake ɗora kaya a kan jakuna ya nufi Gwanja sarin goro. Bai taɓa shiga gari ya kwance kaya ba sai ya nemi mai masauki, shi ke kai shi gaban sarkin zango, shi ke tsaya masa in ciniki ya rikice. Ni ma a Nima, ɗaya daga zangunan Akra, na yi ƙuruciya, sai a 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙin da ba su da takardu, muka dawo gida da ɗan abin da hannu ya iya ɗauka. Waɗanda suka rage su ne za ka taras yanzu, da 'ya'ya da jikoki, a Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zango, unguwar da Malam Bako ya kafa. Da yawansu ba su taɓa ganin Kabi ba, amma ka ce daga Jega kake ka ga yadda dattijo zai gyara zama.

Tsaraba ba sai mai nauyi ba. Turare, ko hula kube, ko dabino, ya wadatar. Kada ka kai musu goro da sunan tsaraba, dariya za su yi maka, ai daga wajensu yake zuwa mana. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka faɗi sunan mahaifinka da garinku kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Hausarsu ta sha bamban da tamu, za ka ji an ce da mace “ya zo”. Ka danne dariyarka, kai ma in ka yi Kabanci a Kano haka suke ji.

In ka samu Juma'a, ka yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Daga nan a biyo da kai lungunan Nima, amma da ɗan gari. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Abin da ya fi ɓata mini rai da yaran yanzu shi ne ɗaga waya a kan mutane. Nima gidan mutane ce, ba gidan kallo ba. Kwata da cunkoso za ka gani, kada ka ɗauki hoton matar wani tana tuyar ƙosai ba ka nemi izini ba.

Sauran gari kuwa ka sha yawonka: kasuwar Makola, kabarin Kwame Nkrumah, hasumiyar bakin teku ta Jamestown inda masunta 'yan ƙabilar Ga suke. Su ne masu ƙasa, ka girmama su. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi da hannun hagu, ko da yaron tirotiro ne, wato motar hayarsu, sun ɗauki abin da zafi fiye da mu.

Abinci ba zai dame ka ba. Da safe akwai koko da ƙosai, har “Hausa koko” suke kiransa. Wanda suke ce wa “wace” kuma shinkafa da wake ce tamu, sun dai dafa ta da karan dafi ta yi ja.

Ka biyo ta gida kafin ka tafi, Gwaggonka na da saƙon da za ka kai Mamobi.