Me ya sa 'ya'yan kankanata ke fitowa a karkace?

Tambaya: Ina noman kankana da rani. Ruwa da taki ba na wasa da su, fure kuwa ko'ina, amma yawancin 'ya'yan tun suna ƙanana suke bushewa, waɗanda suka tsira kuma sai su fito a karkace. Gonar da gyaffanta na share su tas da maganin ciyawa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, tunda ruwa da taki sun wadata, sharar nan taka za mu fara tuhuma. Kankana furen namiji daban yake da na mace, wato mai ɗan ƙullutu a gindi. Na macen yini ɗaya tak yake buɗewa, kuma sai ƙudan zuma ya sauka a kansa kamar sau 8 ɗauke da garin furen namiji. Idan garin ya yi kaɗan, ɗan ya bushe. Idan gefe guda ya samu, wancan gefen ya ƙi cika.

To ƙudan nan ba don kankanarka kaɗai yake zaune ba. Kafin ta yi fure, me zai ci? Furannin da ke kan iyaka da bakin magudana su ke riƙe shi a kusa. Zumar amya takan yi kilomita 2 zuwa 3 neman abinci, amma ƙananan ƙudajen da ke gida a ƙasa ko cikin busasshen kara ba sa wuce mitoci ɗari kaɗan. In ka fesa wa gyaffa magani, ka bi da wuta, ka raba su da abinci da makwanci lokaci guda.

Ka bar faɗin mita 1 zuwa 2 a gefen gona ba feshi, ba ƙonawa. Yanka ciyawar da lauje kashi-kashi, kafin ta zubar da iri. Ka shuka riɗi ko zogale a wurin. Gawo kuwa kar ka sare shi, don da rani yake fure, lokacin da daji ya bushe.

Maganin ƙwari irin su cypermethrin da dimethoate suna kashe ƙudan zuma. In ya zama dole, ka fesa dab da magariba, bayan furen ya rufe.

Gobe tsakanin ƙarfe 7 da 10 na safe, tsaya kan fure ɗaya minti 10. In babu ƙudan da ya sauka, tsinko furen namiji, cire ganyensa, ka goga a tsakiyar na macen da hannunka.