Tsawa ta ƙona talabijin: a gyara ko a haƙura?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka ce tun tsawar daren jiya talabijin ɗinka ta ƙi kunnuwa. Gyara ko haƙura ya danganta da ta inda wutar tsawar ta shigo. In ta soket ce, sau da yawa fis ko fawa-bod (allon da ke raba wuta a cikin talabijin) kaɗai ke ƙonewa, gyaran ba shi da tsada. In ko ta wayar dish ta biyo, takan cinye babban bod (allon da ke sarrafa hoto da sauti) da ramukan HDMI (inda ake jona wayar dikoda), har dikoda. Tawa haka ta yi, bayanta sai warin ƙuna.

Daina jona ta, kuma kar a ɗaure fis da waya. Kai wa mai gyara ya auna tukuna. In sikirin ya taɓu, ko kuɗin ya haura rabin sabuwa, ni dai ba zan gyara ba.