Tambaya da Amsa: Tsohon injin Barcrest yana ta ƙona fis, in ɗaure shi da waya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne. A cikin kayan gwanjon da aka sauke daga wata kwantenar Ingila na sayi wani tsohon inji mai tsayin kabad, irin na caca mai faya-fayai da hoton lemo da ceri, wanda 'yan kudu ke ce wa kalo-kalo. Ba don caca na saye shi ba, so nake in tashe shi fitilunsa su kama in ajiye a gida. An rubuta Barcrest a jikinsa, a kan fanel ɗin ciki kuma MPU4. Da na jona shi fitilu suka kama, bai yi minti biyar ba farin hayaƙi mai wari ya taso daga ƙasa, fis ya ƙone. Na sa wani, nan take ya sake ƙonewa. Maigidana a sana'a ya ce in ɗaure fis ɗin da silin waya, duk inda hayaƙi ya fito nan cutar take. Na kuma ga wani kore-kore a gindin batirin fanel. Hankalina bai kwanta ba, don yara na kwana a ɗakin da ke jikin inda na ajiye shi. Na kashe shi ke nan?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce ka kashe shi. Amma yau ɗin nan ka zare filoginsa daga bango, kada ya sake ganin wuta sai ka bi abin da zan lissafa maka.

Farin hayaƙin nan mai wari, a irin waɗannan injinan na shekarun 1980 da 1990, yawanci daga ƙaramar kafasitar tace wuta yake fitowa, wadda ke zaune a bakin shigar wutar gida kafin taransifoma. Da yawa daga cikinsu na takarda ne da aka lulluɓe da roba mai garai-garai. Shekaru na tafiya robar tana tsattsagewa, laima ta shiga, ran da aka jona ta sai ta dahu ta fashe. Duba ta da fitila, za ka ga tsaga ko baƙin tabo. A mayar da mai ƙima ɗaya da wadda aka rubuta a jikinta, kuma lallai mai alamar X2, ba kowace kafasitar da ka tsinta a akwatin kayanka ba. Ƙonewar fis na biyu kuwa tana nufin har yanzu akwai shot a wani wuri, ko a ita kafasitar da ta narke, ko a gaba da ita.

To, mu zo ga shawarar maigidanka. Girmansa na nan, ya koya maka sana'a, amma wannan magana kuskure ce, kuma kuskure ne mai cin gida. Babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a ji wani ya ce "fis ɗin ne ya yi ƙarami" ko "ɗaure shi mu ga inda zai yi hayaƙi" ba, har abin ya zama kamar wani darasi da ake gadar wa yara a shago. Fis ba shi ne cutar ba. Shaida ne ya ba ka cewa wutar da ke wucewa ta zarce abin da aka yi injin ya ɗauka, ya kuma sadaukar da kansa don abin da ke bayansa ya tsira. Wanda ya ɗaure shi da waya bai gyara komai ba, mai gadin kawai ya kora.

Mu yi lissafi, tunda kai ma'aikaci ne. Sili ɗaya na jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.2, irin wanda ake zarewa daga wayar fanka, ba ya narkewa sai wuta ta kai kusan amfiya 7. Ninka 7 da bolt 230, ka samu wat 1,600 da 'yan kai. Zafin dutsen guga ke nan, a rufe cikin akwatin katakon dusa da ya shekara talatin yana tara ƙura da auduga da busassun takardu. Wannan fa sili ɗaya ne. Wa ke tsayawa a ɗaya? Biyu ko uku ake murɗawa "don ya yi ƙarko", kai tsaye an doshi amfiya 20. Sai kuma ka tuna filogin da ake sayarwa a kasuwanninmu, da yawa babu fis ɗin kirki a ciki, wani gidan ma babban fis ɗin bakin mita an daɗe da ɗaure shi. Idan ka ɗaure na cikin injin, me ya rage tsakanin wutar NEPA da taransifomarka? Babu.

Ita kuma maganar cewa hayaƙi zai nuna cutar, ba gaskiya ba ce ko a fannin aiki. Hayaƙi yana fitowa ne daga abin da ya fi rauni a kan hanyar wutar, ba daga abin da ya fara lalacewa ba. A ce diyod ɗaya ce ta yi shot a cikin birij ɗin da ke mayar da wuta. Ita ba za ta yi hayaƙi ba, ta riga ta zama kamar guntun waya. Nadin taransifoma ne zai yi ta zafi har fentin da ke jikin wayarsa ya narke, ko babbar kafasita ta kumbura ta fashe. Sai ka canza taransifoma, in ma ka samu, ka sake jonawa, ta sake ƙonewa, diyod ɗin da ba ta kai kuɗin kati ba tana nan zaune. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Mafi muni shi ne idan abin da ke daidaita bolt 5 ya huje, wuta mai ƙarfi ta bi layin da ke ciyar da ƙwaƙwalwar injin. MPU4 na aiki da firosesa 6809, wannan ana iya nemowa. Amma katin wasan da ake soka wa fanel yana ɗauke da aisi-aisin da aka rubuta wasan a ciki, da wani ƙaramin aisi na tsaro da Barcrest ke sa wa kowane wasa nasa daban. Waɗannan ba a sayar da su a kowace kasuwar kayan lantarki. In suka ƙone, kabad ka saya.

Kada kuma wani ya ce maka "ai na ɗan lokaci ne, muna tsaye a kai". Nadin taransifoma na iya yin rabin ƙonewa, ya ci gaba da aiki kamar lafiya lau, ya riƙa ɗumama a hankali. Ba a gabanka zai kama ba. Sai an kawo wuta ƙarfe biyun dare, an manta shi a jone, yaran da ka ambata suna barci a bayan bango. Takardar azurfar kwalin sigari, ƙusa, fis mai amfiya 13 a gurbin mai 2, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da silin waya.

Shi kansa ƙonannen fis ɗin karanta shi ake yi, kada ka yar. Idan gilashin ya yi baƙi ƙirin ko ya yi sheƙi kamar madubi daga ciki, shot ne na gaske. Idan gilashin na nan garau, silin ne kawai ya rabu a tsakiya, nauyi ne ya yi yawa ko tsufa. Sannan duba rubutun da ke kan hularsa. Harafin T na nufin mai jinkiri, wanda ke jure fizgar farko da taransifoma ke yi lokacin kunnawa, F kuwa mai saurin yankewa ne. Idan ka sa F a gurbin T zai iya ƙonewa ko da injin lafiyarsa ƙalau, don haka tabbatar da irin wanda ka sa a karo na biyu. Ƙimar da aka rubuta a gefen mazaunin fis ita za ka bi, ba abin da ka tarar a ciki ba, don ba ka san hannun da ya taɓa shi kafin kai ba.

Abin da maigidanka ke nema, wato ganin cutar da wuta a jiki, akwai hanyarsa mai aminci, kuma ka santa: ƙwan gwaji. Ka jera ƙwan fitila mai zare, wat 60 ko 100, a kan wayar wuta mai rai, yadda duk wutar da za ta shiga injin sai ta ratsa ta cikinsa. Mai zare fa, ba LED ba, ba mai tsimin wuta ba. Zare duk wayoyin da suka fita daga akwatin wuta zuwa fanel, bayan ka ɗauki hotonsu ka kuma liƙa wa kowace alama, ka cire layin dogayen fitilun farin haske in yana da su, don cok ɗinsu ma yana yin shot. Sa fis mai ƙimar gaskiya, ka kunna. Ƙwai ya haska ya dushe, akwatin wuta ba shi da shot. Ya tsaya da haske fes, cutar na ciki, kuma babu abin da ya ƙone. Daga nan sai ka kashe, ka zare filogi, ka sauke cajin manyan kafasitoci da razista mai kamar om 1,000 wat 5, ba da bakin sukuddireba ba, ka auna ka ga sun sauka. Gwada birij da mita: kowace diyod ta nuna wajen 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, ta ɗayar kuma a rufe. Wadda ta nuna sifili ta kowace fuska ita ce. Idan akwatin ya wuce gwaji, auna kowane layi kafin ka mayar da fanel. Na bolt 5 ya zauna tsakanin 4.75 da 5.25, in ya fita daga nan kada ka haɗa.

Kafin duk wannan, auna daga dogon haƙorin filogi zuwa kowane ƙarfen da hannu ke taɓawa a jikin injin, ya zama ƙasa da om 1. In gidanka babu wayar ƙasa ta gaske, a yi ta, a kuma sa abin yanke wuta mai miliyamfiya 30. Kada ka yi gwajin farko a kan ƙaramin janareta.

Kore-koren da ka gani shi ne abin da ya fi kashe waɗannan fanel-fanel. Batirin caji ne da aka yi wa dalma a kan fanel don ya riƙe ƙwaƙwalwa, ya tsufa ya yi yoyo. Ruwansa ba asid ba ne, dangin kanwa ne mai ƙarfi, yana bin layukan jan ƙarfe ta ƙarƙashin koren fenti yana cinye su, yana shiga ƙafafun aisi da soket-soket. Yanke ƙafafun batirin ka cire shi tun yau. Zare katin wasan ka ajiye a inuwa, ka liƙe tagar gilashin da ke kan aisinsa in takardar ta ɓare, don hasken rana na goge abin da aka rubuta a ciki. Haɗa farin ruwan khal da tataccen ruwa, wanda ake ce wa ruwan batir, rabi da rabi, ka goge wurin da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi minti kaɗan, ka ɗauraye da tataccen ruwa. Ka kula, in ka je saye kada a ba ka asid ɗin batirin mota, don shi ma ruwan batir ake ce masa. Bi da sifirit mai kyau, ka bar fanel ya bushe kwana biyu a inda iska ke kaɗawa. Sannan ka bi layukan yankin ɗaya bayan ɗaya da mita. Wanda ya yanke a tsallaka shi da siririyar waya, soket ɗin da ya yi kore a canza shi, dalmar da ta yi toka-toka a zuƙe ta a sa sabuwa. Sabon batir ya zama na caji mai bolt ɗaya da tsohon, ka ja masa waya ka ɗaure shi nesa da fanel. Kada ka sa batirin da ba na caji ba kai tsaye, don fanel ɗin zai yi ta tura masa wuta. In lokacin hunturu ne, taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka kama fanel, don cajin da ya taru a jikinka ya sauka.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Da ka kunna, faya-fayan za su juya su nemi mafarinsu ta wani ƙaramin ido mai haske. In injin ya yi ƙara ya tsaya, yawanci ƙura ce ta rufe idon, busasshen buroshi ya isa. Kada ka ɗiga wa motocinsu mai. Ƙananan ƙwayayen fitilun na bolt 12 ne, yawancinsu wat 1.2, kuma fanel na kunna su ne layi-layi da saurin da ido ba ya gani. Saboda haka in jeri guda ya mutu gaba ɗaya, taransista ko mahaɗin layin za ka duba, ba ƙwayayen ba. Ƙwan mota mai wat 5 na iya shiga gurbin manyan cikinsu, amma zai narkar da roba ya ƙona taransista. Gilashin gaba kuwa ta baya aka buga masa zane, ruwa ko sifirit na iya ɗaye shi, ta gaba kawai za ka goge.

Batun kuɗi, ka kyauta da ka ce ba caca za a yi ba, hukuncinta a wurinmu sananne ne, a bar shi a haka. Dama ma'aunin tsabar da ke ciki tsofaffin kuɗin Ingila ya sani: an ƙaranta girman tsabar 10p a 1992, na 50p a 1997, tsohuwar tsabar fam ɗaya kuma ta daina aiki a Oktoban 2017. Ba ka buƙatarsa. Yawancin waɗannan injinan na da maɓallin gwaji a ciki, in ƙofa na buɗe ka danna shi zai bi fitilu ya juya faya-fayai ba tare da ko sisi ba. Idan ka gama, rufe ƙofofin da makullinsu ka cire makullin, ka ɗaure injin da bango ta sama don yana da nauyi kuma yaro na iya janyo shi, sannan a riƙa zare filoginsa duk dare.