Tambaya da Amsa: Yarona ya dage wai ruwan dogon kofi ya fi yawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin koyarwa, ana koya mana matakan girman ɗan Adam na su Piaget da Erikson. Ina da yaro ɗan shekara 7, na zuba ruwa daidai a kofi biyu, na juye ɗaya a wani dogo siriri a gabansa, amma ya dage wai na dogon ya fi yawa. A littafi kuma an ce daga shekara 7 yaro yake ganewa. Wallahi hankalina ya tashi, ko dai yana da matsala ne?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, dan Allah ki kwantar da hankalinki, wannan kaɗai ba ya nuna matsala ko kaɗan.

Jean Piaget, ɗan Suwizalan da ya rasu a 1980, ya kasa tunanin yaro gida huɗu: haihuwa zuwa shekara 2, sai 2 zuwa 7, sai 7 zuwa wajen 11, sai daga nan zuwa sama inda yake iya tunani a kan abin da ba ya gani. Yaron da ke mataki na biyu tsayin ruwan kawai yake kallo, ba ya haɗa tsayi da faɗi a lokaci guda, kuma ba ya iya mayar da ruwan kofin farko a zuciyarsa. Toh amma shekarun nan kintace ne, shi kansa Piaget abin da ya fi riƙewa shi ne jerin matakan, wato wanne ke zuwa kafin wanne. Kuma ganewar ba rana ɗaya take zuwa ba, yaro yakan fara gane cewa adadin abubuwa ba ya canzawa don an sauya musu tsari, daga baya ya gane hakan a kan ruwa, nauyi kuma sai wajen shekara 9.

Akwai wani abu da nake so ɗalibai su sani wanda ba kasafai ake tsayawa a kansa ba. A 1974 wasu masu bincike, McGarrigle da Donaldson, sun yi irin gwajin nan da layuka biyu na ƙwayoyin ƙirga, amma maimakon babba ya baza layin da gangan sai suka sa wata 'yar tsana ta hargitsa shi kamar bisa kuskure, sai ga yara 'yan shekara 4 zuwa 6 da yawa suna ba da amsa daidai, wato har yanzu yawan ƙwayoyin layukan biyu ɗaya ne. Kin ga idan babba ya maimaita wa yaro tambaya bayan ya taɓa abu, yaron sai ya ɗauka ana so ne ya canza amsa, balle ma uwarsa ce ke tambayar.

Ni abin da ya fi damuna a wasiƙarki ɓangaren masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ne. A matakai takwas da ya fitar a 1950, ɗanki yana na huɗu, wajen shekara 6 zuwa 12, lokacin da yaro ke auna kansa ko shi mai iyawa ne ko kuwa kasashshe. In ya ga fuskarki ta canza duk sanda ya amsa, abin zai zauna masa a rai. Ki bar shi ya riƙa juye ruwan da kansa yana mayarwa a matsayin wasa, ki tambaye shi me ya gani, kar ki yi saurin gyara masa.

Inda za ki nemi likitan yara shi ne in maganarsa ba ta fita sosai, ko ba ya bin umarni mai sauƙi, ko kuma ya fara manta abubuwan da a da ya iya.