Tambayoyinku: Tattabarun da ke zagaye wuri guda a gonakin Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Katsina ne, ina karatun aikin gona a nan Ingila. Kwanakin baya muna cikin jirgin ƙasa daga Peterborough zuwa Lincoln, sai na hango abin mamaki a tsakiyar wata gonar alkama: tattabaru biyu suna ta zagaye wuri guda, fikafikai a buɗe, ba su yi sama ba, ba su kuma sauka ba. Wanda ke zaune kusa da ni ya ce dabarar maharba ce. Masu rai ne aka ɗaure? Kuma mene ne amfanin juya su?
Daga wani ɗalibi ɗan Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a karatu. Kwantar da hankalinka, matattu ne, ko kuma na roba. Dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta haramta amfani da tsuntsu mai rai da aka ɗaure, ko makaho, ko mai rauni, don a yaudari 'yan'uwansa. Ko muryar tsuntsu da aka naɗa ka kunna don kiran su, ka yi laifi. Abin da ka gani ɗan ƙaramin inji ne mai aiki da batir na bolt 12. Hannuwa biyu gare shi na ƙarfe, kowanne an ɗora masa tattabara an shimfiɗa mata fikafikai, injin yana ta juya su. Da ka dubi gindin shingen da ke kusa da kyau, da ka ga raga mai launin ganye, mutum na zaune a bayanta da bindiga.

Tsuntsuwar da ake nema ba irin tattabarar da muke kiwo a gida ba ce. Ta daji ce, ta fi hazbiya girma, nauyinta yakan kai rabin kilo. Jikinta toka-toka, ƙirjinta da ɗan ja, akwai farin tabo a kowane gefen wuyanta, sannan da farin layi a kan kowane fiffike wanda ba ya fitowa sosai sai ta buɗe shi. Riƙe zancen farin nan, don a kansa aka gina dabarar duka.

Ana ƙiyasta akwai ma'aurata wajen miliyan 5 a Birtaniya, kuma noma ne ya yawaita su. Da can hunturu ne ke rage su, yunwa ta kashe da dama kafin bazara. Bayan ƙasar ta shiga kasuwar haɗin gwiwar Turai a 1973, manoma suka rungumi noman kanola, wannan tsiron dangin kabeji mai furanni rawaya da ake matse mai daga 'ya'yansa. Ana shuka shi a Agusta zuwa farkon Satumba, ya kwana kore shar duk tsawon sanyi. Tattabara ta samu abin da za ta ci a watannin da a da take mutuwa. Na sha tsayawa a bakin gonar kanola a Janairu in ga garke ya aske gefen da ke kusa da kurmi har ƙasa ta bayyana. In bazara ta zo su koma kan irin da aka shuka da waken turawa, a Yuni da Yuli su faɗa wa sha'ir da alkamar da iska da ruwa suka kwantar.

To, ga halin tsuntsuwar. Ba ta amincewa da wuri sai ta ga 'yan'uwanta a ciki. Garken da ke kiwo kuwa ba ya zama shiru: ta baya ta yi tsalle ta tsallake ta gaba, wata ta sauko, wata ta ɗan tashi ta canja wuri, kowane motsi farin fiffiken nan na walƙiya. Wadda ke tafe a sama daga nesa, wannan walƙiyar take karantawa, ta san akwai abinci kuma babu tsoro. Tattabarun roba da aka jera a ƙasa suna aiki in gonar a share take. Amma in amfanin gona ya kai gwiwa, sun nutse, babu mai ganin su. Injin yana ɗaga farin sama da kan alkama ya sa shi ƙyalli ba tsayawa. Wannan tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, yana rarrafe yana ɗaga kai yana saukewa kamar mai kiwo, ya san kan burtun kaɗai ba ya ruɗin barewa, sai an haɗa da tafiyar burtu.

Ban da mai juyawa, wanda ya bazu a shekarun 1990, akwai wasu biyu. Ɗaya tattabara guda ce a kan ɗan inji mai kaɗa mata fikafikai, ya kaɗa na 'yan daƙiƙu ya tsaya, ya sake. Ɗayan ba shi da batir ko kaɗan: doguwar sanda ce mai lanƙwasa, a soke ta a ƙasa a karkace, a ɗora tsuntsu a bakinta fikafikai a buɗe, iska ta riƙa lilo da shi kamar mai shirin sauka. Ni wannan na ƙarshe na fi ƙauna. Ba nauyi, ba ƙara, kuma motsinsa na iskar ranar ne, ba na inji ba.

Amma ga abin da nake so ka tafi da shi, tunda manomi za ka zama. Injin yana jawo ido ne kawai, ba ya ƙirƙiro hanya. Tattabarar daji tana da turbar da take bi kullum daga kurmin da take kwana zuwa gonar da take ci, sau da yawa ta bin layin shinge, ko kwari, ko wata babbar bishiya da take fara sauka a kai ta duba wuri. In ka kafa injinka nesa da wannan turbar, ko a gonar da ba su fara ci ba, sai ka wuni kana kallon batir na ƙarewa. Manjo Archie Coats, wanda maharban tattabara na ƙasar nan suke ɗauka uban gidansu, ya harbi 550 a rana guda a 1962, tun ba a san wani inji ba. Matattun tattabaru yake jerawa, kuma ƙarfinsa duk a leƙen asiri yake: ya zauna a mota da madubin hangen nesa, ya gane ta ina suke shiga, da ƙarfe nawa, da wace iska. Raina yakan ɓaci in na ga saurayi ya kashe kuɗi masu yawa a kan na'urori, amma ba zai iya ba da yamma guda ya zauna ya kalli gona ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da lasisin bindiga, kuma mai gonar da nake wa aiki a Yorkshire ya ba ni izinin harbi. Na sayi injin mai juyawa. Tattabaru suna nufo ni daga nesa, amma da sun matso sai su karkace su wuce. Ina matsalar take?
Daga wani ma'aikacin gona ɗan Zariya

AMSA: Barka kadai Malam. Tunda suna nufo ka, ka zaɓi wuri daidai, kuma injin ya yi rabin aikinsa. Saura ka gane abin da suke gani in sun matso.

Fara da inda ka kafa shi. Tattabara tana sauka ne tana fuskantar iska, don haka ka zauna iska na bugun bayanka ko kafaɗarka. Jera tattabarun yaudara na ƙasa kamar kofaton doki, bakin a buɗe ta inda za su shigo, kawunansu galibi suna kallon iska amma ba a layi ɗaya kamar sojoji ba, da taki biyu ko uku tsakanin kowace. Filin da ke tsakiya shi ne masaukinsu, kada ya wuce mita 25 zuwa 30 daga maɓoyarka. Kuskuren da aka fi yi shi ne dasa injin a tsakiyar wannan filin. Tsuntsu ba zai sauka a inda abu ke wulwulawa ba. Kai shi gaban jeren ta inda iska ke fitowa, ko can gefe guda, yadda za su wuce ta gabanka suna nufarsa.

In ka yi haka, tattabaru uku ko huɗu a jere suka sake karkacewa, tashi ka fita ka dubi wurin daga inda suke zuwa. Hannun ƙarfen yana ƙyalli a rana? Batir yana waje ba a rufe ba? Akwai wadda ka harba ta faɗi rigingine, ko gashi ya watsu a fili? Tattabara guda da ta kwanta ciki sama ta isa ta kori duk mai zuwa. Sai kuma kai kanka: fuska da hannu a buɗe, ko ɗaga bindiga tun tsuntsu bai shigo ba, sun fi kowane inji korar su.

Idan duk wannan lafiya, to kashe injin ka shigar da shi cikin shinge. Kada ka ji kamar ka yi asarar kuɗinka. A yankin da kowa ke amfani da shi, tsofaffin tattabaru sun riga sun haɗa wannan juyin da ƙarar bindiga. A gonar da aka yi wa shuka kwanan nan, inda ƙasa take fili, sau da yawa ba a ma bukatarsa. Ranar da babu iska ko kaɗan kuma yakan yi yawa a ido, mai kaɗa fiffike ya fi dacewa. Lokacinsa na gaskiya shi ne rani, a kan hatsin da ya kwanta da dogon waken turawa, sa'ad da 'yan shila suka fito ba su san komai ba. Kuma da zarar ka samu na gaske guda biyu, cire na roba ka ɗora su, don babu fentin da ya kai gashin gaske.

Abu ɗaya game da doka, don na ga mutane suna sakaci da shi. Izinin mai gona da lasisin bindiga na 'yan sanda kaɗai ba su isa ba. A Ingila ana harbin wannan tsuntsuwa ne a ƙarƙashin izini na bai ɗaya mai lamba GL42, wanda sharaɗinsa shi ne hana mummunar ɓarna ga amfanin gona, bayan an yi ƙoƙarin korar su ta hanyoyin da ba kisa. A Afrilun 2019 an soke irin waɗannan izini kwatsam bayan ƙarar da ƙungiyar kare namun daji ta Wild Justice ta shigar, sai da aka fito da sababbi. Ka karanta wanda ke aiki a bana kafin ka fita. Ka yi bisimilla kafin ka harba, wadda ka tarar da sauran rai ka yanka ta nan take, kada ka bar ta tana wahala don kana jiran wasu. Naman ƙirjinta ja ne mai daɗi, abin da ya fi ƙarfin gidanka akwai dillalan naman daji da ke saye.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, tsuntsaye suna cinye mana shinkafa da dawa. In makeri ya ƙera mini irin wannan injin, zai taimaka?
Daga wani manomi a Jigawa

AMSA: Allah ya kawo sauƙi, Alhaji. Ƙera shi ba wuya, amma ba maganin damuwarka ba ne. Mai cinye shinkafa a fadamun Haɗeja galibi jan baki ne, ɗan ƙaramin tsuntsu da ke zuwa dubbai a lokaci guda, wanda harsashi ba ya rage shi. Wannan injin kuma kira yake yi, kai kuwa kora kake nema. Ku haɗa kai da maƙwabta ku yi shuka lokaci guda don ɓarnar ta rarrabu, ku tsare gona da sassafe da yamma daga lokacin da hatsi ya fara nono, sannan in kun gano inda suke kwana ku sanar da malaman gona na ƙaramar hukuma da wuri, tun garken bai bunƙasa ba.